Sunan Wansa Ke Kan Kabarin

"Iya, ki sassauta murya, nan ofis ne," in ji magatakardan.

"Ofishin uban wa? Yaro kuka ɗauka da ƙafafunsa, kuka aiko mana da takalmansa a leda!"

Zuwana na huɗu ke nan ofishin sojan. Auta ɗan maƙwabciyata ne, katanga ɗaya ta raba mu, a bayana ya yi wayo. Da yaƙi ya yi zafi aka zo ƙauyenmu ɗibar soja. Shekarunsa ba su kai ba, sai ya ɗauki takardar haihuwar wansa. Aka nemi shaida, ni da ban san ko alif ba na dangwala yatsa. Ya ce, "Iya, in na dawo kofur mai igiya biyu, ke za ki fara sara mini." Na ce, "Tafi can, mai ƙirjin fara."

Ko bindiga ba a kai ga ba shi ba. Sati bakwai a sansanin horo, amai da gudawa suka kama shi. Abokin ɗakinsa ya ce kwana uku yana fita fareti yana faɗuwa, ana zaginsa da rago. Ya ƙi zuwa wurin likita, wai kar a gane yaro ne. Ran na huɗu bai tashi ba.

Ni abu biyu nake nema: a hukunta wanda ya tsayar da shi a rana, a kuma rubuta sunansa na gaskiya a kan kabarinsa.

Magatakardan ya buɗe fayil, ya dubi shaidar yatsan, ya dubi hannuna. Sai ya tura ƙofa da ƙafa.

"Iya, kin haifi kamata, zan faɗa miki gaskiya. In na gyara sunan, wanda ya mutu bai taɓa zama soja ba, ba ki da ƙara. Mai takardar kuwa yana raye, sunansa na cikin runduna. Gudun soja ke nan. Kafin Juma'a mota za ta je ta ɗauko shi."

"Wato a bar yaro kwance da sunan wani?"

"Zaɓi na wurinki. In cike takardar?"

Ni da duk unguwa ke tsoron bakina, na miƙe na fito, na bar shi da takardar ba a cike ba.

Da na koma gida, uwar Auta ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe mini gefen zane. "Yaya, don Allah kar ki koma. Ɗaya ya tafi, ki bar mini ɗayan."

Na fizge zanena na wuce.

Na tarar da wan Auta yana facin taya a bakin hanya. Bai ɗago kai ba.

"Iya, sun gyara?"

"Ba su gyara ba."

Ya danna robar tayar cikin bahon ruwa. Muka tsaya muna kallon iska na fita, kumfa ɗaya bayan ɗaya.