Gatarin Hannu Biyu

"Wannan ba zai yi sara ba," in ji Tochukwu, ya ɗora yatsa a kan ɗan sojan roba. "Dubi hannunsa."

Hannun dama ya ɓalle tun daga kafaɗa, gatarin na maƙale a na hagu. Da safen nan ɗan sojan ya faɗo daga akwati, Theophilus mai shi ya nemi guntun a ƙarƙashin benci har ya gaji.

Shekara biyu ke nan duk Asabar suna haɗuwa a bayan shagon wani kafinta a unguwar Wambai, su jera sojojin roba a tebur, su auna tazara da rula, su jefa ƙwayar lido, ƙarti da gemu suna yaƙi. Fakhruddeen ne alƙalinsu. Akawun kotu ne a Abuja, mutum mai son a ce ya san doka, kuma littafin dokokin wasan a hannunsa yake kwana.

Yau kam ya so a ce wani ne ke riƙe da littafin. Theophilus tsohon soja ne, hannun rigarsa na dama a naɗe yake da fil tun da ya dawo daga fagen daga. Teburin nan kaɗai ne inda ba a lallaɓa shi. A nan a cinye shi, a yi masa tsiya, shi ma ya rama. Abin da ke sa shi shigo mota tun daga Tafa ke nan.

Sai da maganar ta fita Tochukwu ya ji abin da ya faɗa. Ya janye yatsansa kamar ya taɓa murhu. "Abeg, Oga Theo, manta kawai. Jefa."

Fakhruddeen ya buɗe littafin, ya ga layin ɓaro-ɓaro, ya rufe. Tausayi ya kama shi, ya yi abin da bai taɓa yi ba.

"Littafin bai ce komai a kan wannan ba. Ya yi saransa."

Theophilus bai ɗauki ƙwayar ba. "Malam Fakhru, shafi na sha huɗu. Karanta mana."

"Ai na duba, Oga."

"Da ƙarfi."

Fakhruddeen ya karanta, yana fassarawa kamar yadda ya saba. Makamin hannu biyu sai mai hannu biyu. Abin da ido ya gani a jikin soja, da shi za a yi masa hukunci.

"Watan jiya tsinin mashin sojan Tochukwu ya karye," in ji Theophilus a hankali. "Me ka ce?"

"Na ce ba zai yi suka ba."

"Muka yi masa dariya har ya yi fushi. To ni me ya sa yau ba wanda ya yi dariya?"

Daga cikin shago ana jin kafinta yana goge katako. Kunya ta rufe Fakhruddeen, ya rasa inda zai sa idonsa.

Theophilus ya shiga kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya. Su talatin ne, abin ya ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya yi gigin taya shi. Ya danne akwatin da gwiwa, ya ja zif.

"Haba Oga, ba mu gama wasan ba," in ji Tochukwu.

"An gama mana. Ai na ci." Ya rataya akwatin a kafaɗa. "Tambayi alƙali."