Kiran Gulma

Wayar ta sake ƙara, karo na biyar ke nan tun hantsi. Malam Hodi ya yunƙura daga kan katifa kamar ba shi ne ake yi wa fifita ba, ya lalubo ta, ya kara a kunne.

"Salamu alaikum. Abdu, kai na?"

Kafayat maƙwabciyarsa, mai shagon robobi a bakin layinsu na unguwar Badariya, tana zaune a bakin ƙofa tana jin abin da ke fitowa. Muryar wata mata ce da aka naɗa, tana tallar maganin basir da sanyin ƙashi, wai a danna ɗaya. Tsohon bai katse ba. Shi a tarbiyyarsa ba a datse wa mutum magana, ko da mai maganar inji ne. Sai da matar ta gama tsaf ya ce, "To, madalla," sannan ya koma ya kwanta yana haki.

Abdun da yake jira ƙanensa ne, Abdussamadu. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji, a kan iyakar gona a fadamar Gulma, kuma kowa ya san bakin Malam Hodi ne ya fi zafi a rigimar. Da asibiti suka sallamo shi gida, ya gane abin da sallamar ke nufi. Ya sa aka rubuta lambarsa a takarda, ya ba direban motar Argungu mai bi ta Gulma, ya ce a gaya wa Abdu ya kira, yayansa na neman gafara. Abdussamadu ba shi da waya, sai dai ya ara. Saboda haka duk baƙuwar lambar da ta shigo, tana iya zama shi.

Masu talla kuwa kamar an gaya musu. Kafayat ta tura saƙon da ake cewa yana tsayar da su har sau uku. Ta hau keke ta je ofishin kamfanin layin, ta bi layi, wata yarinya ta gaya mata ta bayan gilashi cewa ba su ba ne, wasu ne ke samun lambobin mutane, in tana so ta rubuta takardar koke. Ta dawo tana sababi da Hausa da Yarabanci. Shekararta ashirin a layin nan, tsohon nan ne ya tsaya mata ta sami shagon, ga shi ta kasa raba shi da masu maganin basir.

Bayan azahar numfashinsa ya fara nauyi. Nana matarsa ta ce rabonsa da barcin kirki kwana biyu, da ya rufe ido sai wayar ta tashe shi.

"Baba, ba ni ita in tahi da ita shago," in ji Kafayat. "Ni ka ɗauka. In shi na, da gudu zan kawo maka."

Ya daɗe yana dubanta kafin ya saki wayar. "Kowa yak kira ki ɗauka, Maman Pelumi. Kowa."

"Kowa, Baba."

Ta ɗauka kuwa. Na farko masu filaye ne a wani gari da ba ta taɓa zuwa ba. Na biyu waƙa suke so ta saya, na uku wani saurayi mai zaƙin baki ya ce ta ci kyauta. Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa, ta jera bokitai ta sake rushe su. Sai ga wata mai ciniki ta zo tana taya baho, suna cikin ja-in-ja wayar ta kama ƙara a cikin zanenta. Ranta ya riga ya ɓaci. Ta danne ta ba tare da ta duba ba. Ta sake ƙara, ta sake dannewa, har da tsaki.

Sai da aka yi la'asar ta duba. Lamba ɗaya ce sau biyu, a jere. Masu talla ba sa haka, kullum da sabuwar lamba suke zuwa. Ta kira da tata wayar.

Wani mutum ya ɗauka, ya ce shi mai cajin waya ne a Gulma. "Eh, wani dattijo yaz zaka da takarda. Sau biyu anka kashe mai. Yac ce to ya gane, yak koma hwadama."

"Don Allah don Annabi ka aika a kira shi. Ba yayan nai yak kashe ba, ni ta. Ka ce mai jikin ya yi tsanani."

Ta bar shagon a buɗe ta ruga. Ta tarar Nana ta ɗora kansa a cinyarta tana maimaita masa kalmar shahada. Idonsa a buɗe yake, ya bi hannun Kafayat da kallo, hannun da ke riƙe da wayar. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ya kira. Abdu ya kira." Ko ya ji ko bai ji ba, Allah kaɗai ya sani. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Abdussamadu ya iso washegari da safe a motar farko, gajere, baƙi, da taɓon fadama a dunduniyarsa da ƙullin buhu a hannu. Saƙon da ya same shi na rashin lafiya ne, sai tabarmin da ya gani a ƙofar gida suka gaya masa sauran. Kafayat ba ta jira an gama gaisuwa ba. Ta fito ta durƙusa nesa kaɗan da maza, kunya da baƙin ciki sun cika ta, ta faɗa masa komai, ba ta rage ko tsakin ba.

Abdussamadu ya ɗago ya dube ta.

"Shina jira na?"

"Kwana huɗu, Baba. Kowa yak kira sai ya ce kai na."

"Ni kau nac ce ya hwasa." Ya goge fuska da hannun riga. "Tashi, ɗiyata. Na yahe mai tun randa takarda taz zo. So nai kawai ya ji daga bakina."

Ya zauna a gefen tabarma da buhun a cinyarsa. Sabuwar shinkafa ce ya sussuko wa mai jinya, ba wanda ya tuna ya karɓa. Ta wata 'yar huda a gindin buhun ƙwayoyin na zuba ɗaya bayan ɗaya, kajin gidan suka matso suna tsinta a gefen ƙafarsa.