Koren Kofi a Kan Katanga

"Ba haka ba," in ji Inna Turai. "Cokali ɗaya na ce, ba ludayi ba. Mayar ka sake."

Na mayar cikin kwalbar na sake ɗiba. Warin tsami ya doki hancina. Tana kwance a katifa a ƙasa, an tokare mata baya da filo biyu, tana kallon hannuna kamar mai tsaron jarrabawa. Kwana huɗu ke nan da dawo da ita daga asibiti a Kano. Ba sallamar warkewa suka yi mata ba. Duk layinmu an sani, ba dai wanda ya furta.

Maƙwabciyarmu ce a garin Ƙofa. Katangar ƙasa ce tsakaninmu, gajeriya, ruwa ya cinye ta wajen gindin zogale. Mijinta ya rasu tun ina firamare. 'Yarta ɗaya, Hasiya, tana aure a Yako, ita ta zo jinya. Ranar Inna Turai ce ta aiko Hasiya har gona, wai in zo kafin azahar, kuma kada in taho da ƙanwata Zulaihat.

"Inna, wai mene ne wannan?"

"Duk bokon naka ba ka iya karanta kwalba ba, Mujitaba? Khal ne, ruwan tsamin tuffa." Ta huta, ta haɗiyi yawu. "Ka san koren kofin nan na kan katanga?"

Na san shi. Na roba ne, hannunsa ya taɓa karyewa aka ɗinke da waya. Wani lokaci in gan shi a kife, an jima in gan shi a tsaye an rufe da faifai. Shekara uku haka. Na ɗauka gishiri ko daddawa suke ara. Ban taɓa tambaya ba. Ni ba mai yawan tambaya ba ne.

"In Zulaihat ta kife shi, ciwon mara ne ya zo. Na wata-wata. Ka gane, ko sai na zana maka a allo?"

Na sunkuyar da kai. Kunnuwana suka yi zafi.

Innarmu ta rasu Zulaihat na da shekara goma sha ɗaya. Baba direban motar tumatir ne, in ya yi kudu sai ya yi sati biyu bai dawo ba. Gidan ni da ita ne. Na tuna wata safiya da na same ta a bayan rumbu ta dunƙule, tana cizon bakin hijabinta. Na tambaya har na gaji, ta ƙi magana. Na ruga kemis na sayo maganin zazzaɓi. Kafin in dawo Inna Turai ta zagayo, ta karɓe ledar, ta ce in tafi in duba gona. A wannan watan ne kofin ya bayyana.

"Ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba," in ji ta. "Cokali ɗaya na khal, cokali ɗaya na zuma. Kada ka ba ta da cikin wofi, ta fara shan kunu. Sannan ka cika gora da ruwan zafi, ka naɗe da tsohon zane, ka ajiye gefen kofin. Ta san inda za ta ɗora."

"Yana warkarwa?"

"Allah ne mai warkarwa. Ni a Islamiyya wata ta gaya mini. Wata ta ce ya yi mata, wata ta ce maƙogwaro kawai ya ƙone mata. Zulaihat dai in ta sha takan samu barci. Ko khal ɗin ne, ko don an kula da ita ne, ban sani ba."

"Inna, wannan ai maganar mata ce. Ga Hasiya."

"Hasiya Yako za ta koma, mijinta ya fara tsaki a waya."

"Kai, Inna!" in ji Hasiya daga tsakar gida.

"Ƙarya na yi? Matan layin nan kuwa, ka gaya wa ɗaya da hantsi, kafin la'asar an ji a bakin rijiya. Yarinyar nan gara ciwo ya kashe ta da ta buɗe baki. Kai ne a gidan. Ban ce ka yi mata magana ba. Katanga za ka riƙa dubawa."

Ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sun zama kamar karan dawa, amma ta riƙe da ƙarfi.

"Saura ɗaya, shi ne babba. Al'adata ta ɗauke shekara shida. Bara sai ga jini, ga ciwon. Na yi dariya ni kaɗai, na ce tsohuwa ta koma budurwa. Na sha khal. Wata takwas ina sha, ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Likitar ta dube ni ta ce, Mama, ina kika tsaya?" Ta saki hannuna. "Kwana biyu na ba ka. In kofi ya wayi gari na uku a kife, ko ka ga ta kasa tsayuwa, ka ɗora ta a babur sai asibiti. Ko tana kuka, ko tana zagin ka. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

Na maimaita, daga ruwan ɗumi har babur. Ta ce ashe makarantar ba a banza ba.

Kwana tara ta ƙara. Zulaihat in ta taso daga makaranta ko kayan ba ta cirewa, sai can. Ta tsefe mata kai, ta shafa mata mai a ƙafa, ta karanta mata Yasin. Ina jin su ta katanga. Wani lokaci har da dariya.

Ranar Lahadi Inna Turai ta ce kifin Tiga take so. Na hau babur na je bakin dam, na sayo karfasa uku, manya. Hasiya ta yi farfesu. Romo kawai Inna Turai ta kurɓa, cokali huɗu.

"Garinmu na ƙarƙashin ruwan nan," in ji ta. "A goye aka fito da ni lokacin da aka yi dam, an ce ina ta miƙa hannu baya. Wannan kifin ƙila a tsakar gidanmu ya yi kiwo."

"To ashe naku ne, Inna," in ji Zulaihat.

"Shi ya sa ban gode wa yayanki ba."

Ran Laraba ina cikin masara, bayan azahar, na ji salati daga wajen layinmu. Ban yi gudu ba. Na jingine fartanya, na wanke hannu a kududdufi, na tafi. Zulaihat ce ke ba Inna Turai ruwa da cokali lokacin da ta cika. Ta ce ta sha biyu, na ukun ya gangaro ta gefen baki.

An yi salla bayan la'asar. Na kama kusurwa ɗaya ta makara. Ba nauyi. An yi ruwa da safe, ƙasar maƙabarta da taushi, ba a sha wuyar haƙa ba.

Bayan sadakar uku Hasiya ta ɗaure kayanta. Kafin ta rufe gidan ta kira ni bakin katanga, ta miƙo baƙar leda. Kwalbar ce, saura rabi, da ɗan gwangwanin zuma.

"Ta ce naka ne."

Na ɓoye a ƙarƙashin gado, bayan tsofaffin littattafaina.

Kullum da safe in duba katanga. In na dawo daga gona in duba. Ba komai sai ganyen zogale. Zulaihat ta rage magana. Ni ma dama ba ni da ita. Mu ci tuwo, kowa ya kalli kwanonsa.

Sati biyu bayan haka, ranar Asabar, na fito na sami Zulaihat tana shara. Ta yi taku uku ta tsaya, ta dafa bango, ta lanƙwashe. Da ta ji motsina sai ta miƙe da sauri.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

Leɓenta ya bushe, gumi a goshinta. Na kalli katanga. Babu kofi. Sai a lokacin na gane: ba za ta kife shi ba. Wa za ta kife wa? Gidan can a kulle yake.

Ta shige ɗaki ta saki labule. Na daɗe a tsaye. Na ji kamar in tafi gona, in dawo da yamma, ƙila ya lafa.

Na shiga kicin. Kofin na can saman kanta, a bayan tukwane, an tura shi lungu. Na hura wuta. Na dama kunu, ya yi gudaji, na tace. Na taɓa ruwan da yatsa. Cokali ɗaya na khal. Zuma. Na cika gora, na naɗe da tsohon zanen Innarmu. Na jera su a kan katanga wajen zogale, na rufe kofin da faifai.

Sannan na koma zaure na zauna gaban babur, ina ƙwanƙwasa sifana a jikin sarƙa, ba abin da ya lalace.

Na ji ƙarar labule. Takun silifas, a hankali. Ya tsaya. Na daina ƙwanƙwasawa. Sai na ji kuka, ƙasa-ƙasa, irin wanda ba ta yi ba ran Laraba. Ban leƙa ba.

Ban je gona ba ranar. Ta yi barci har la'asar. Ina alwala a bakin randa ta fito, ta tsaya a bayana.

"Yaya."

"Na'am."

"Zumar ta yi yawa."

"To."

Ta koma ciki. Da na ɗago, kofin na kan katanga, an wanke shi, an kife. Ruwa na ɗiga daga wayar hannunsa, yana jiƙa jar ƙasar kaɗan-kaɗan.