Kwalabe Biyu a Kan Teburina

Shekara arba'in da uku ina gyaran rediyo, kuma ban taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Wuta ta ja ni sau bakwai, rumfata ta ƙone sau biyu, mota ta taɓa tura ni cikin kwata, na tashi na kakkaɓe rigata. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda, har yara suka fara raɗa a bakin ƙofa, na miƙe na ce a ba ni shayi. Abu ɗaya kawai zazzaɓin ya tafi da shi, hancina. Tun daga nan ban ƙara jin ƙamshi ko wari ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Kullum aka ajiye min abinci sai na ja numfashi na ce, "Kai, yau ƙamshin nan har bakin titi."

Uwar yara ita kuma kunne ne ya bar ta. Da wata 'yar na'ura take ji, wadda ake maƙalawa a bayan kunne, guda ɗaya tak gare ta. Ranar Talata na'urar ta faɗi a kan siminti ta yi shiru. Kwana huɗu matar nan tana zaune a bakin gado tana kallon leɓunan mutane. Ni kuma ina ta ba da labari, ba mai cewa "to" ko "ƙarya kake yi". Gidan ya zama wani iri.

Na buɗe na'urar a kan teburina, na ɗora tabarau biyu ɗaya bisa ɗaya. Nan take na ga ciwon. Wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ɗaga ƙafa ɗaya daga jikin fanel, ɗan allon da ake liƙa kayan wuta a kai. Kayan zamani ke nan, ba a soka musu waya ta rami kamar namu na da, a sama suke kwance. Aikin minti biyu ne, a shafa man dalma kaɗan, a taɓa da bakin ƙarfen liƙi, shi ke nan. In ba man, dalma ba ta kamawa, dunƙulewa take yi.

Man dalma iri biyu nake da su, duk a cikin tsofaffin kwalaben man shafawa. Ɗaya na ƙaro ne, mai sanyin hali, na rediyo. Ɗayan mai asid ne, na liƙin bokiti da buta. Wannan in ya taɓa fanel, yau zai yi aiki lafiya, bayan sati biyu ya cinye hanyoyin wutar, su yi kore su ruɓe, kuma ba mai gyarawa, har ni. Na rediyo a dama yake zama, na bokiti a hagu. Sai na tarar da su a jere a kan taga, an goge su suna sheƙi.

Na kira surukata, matar babban ɗana.

"Wa ya taɓa min tebur?"

"Ni ce, Baba. Ƙura ta yi yawa."

"Wacce kika ɗauka daga dama?"

"Damanka ko damana?"

"Daman teburin."

"Baba, tebur yana da dama?" Ta leƙa cikin kwalaben. "Ai duk ɗaya ne. Shinshina mana, ba kai kake cewa da hanci kake gane batir mai rai ba?"

Na ce ta je abinta, na gane.

Ban gane komai ba. Dukansu ruwan ƙasa, dukansu da danƙo. Na murza a yatsa, wannan ya fi laushi. Na sake murzawa, sai ɗayan ya fi. Na tsoma ƙarfe mai zafi a na farko, hayaƙi ya tashi, na yi tari. Na tsoma a na biyu, na sake tari. Na ce to wanda ya fi sa ni tari shi ne mugun, amma kafin in gama tarin na manta wacce na fara taɓawa. Na ɗauki hantsaki, na ajiye. Ni da mutane ke zuwa daga nesa su tambaye ni, ga ni ina juya kwalba kamar mai neman bakin zare.

Na je na kamo hannun uwar yara, na zaunar da ita a kan kujerata. Na tsoma ƙarfen, na kora hayaƙin wajenta. Sai ta juyo kunne, ta kara shi a kan hayaƙin.

"Maganin kunne ne, Malam?" Da ƙarfi take magana tun da na'urar ta mutu. "Wa ya ba ka?"

Na girgiza kai. Na nuna hancinta. Ta goge shi da bakin zane, tana tsammanin wani abu ne a kai. Na nuna kwalaben, ta lakaci ɗaya za ta shafa a goshi, na riƙe hannun.

Babu sauran dabara. Na duba ƙofa, ba kowa. Na ɗora yatsa a kan hancina, sannan na buɗe tafin hannu na juya shi, babu. Na sake yi. Ta daɗe tana kallona.

Sannan ta jawo kwalbar farko da kanta, ta nuna min ƙarfen. Na tsoma. Ta ja numfashi, ta kawar da fuska.

"Wannan na ranar bokiti ne. Shi ke huda maka aljihun riga."

Na tsoma a ta biyu. Ta lumshe ido.

"Wannan kuwa ƙamshinka ne. Shekara arba'in ina wanke shi bai fita ba."

Na ɗebi ɗan mitsitsi da bakin allura, na shafa a ƙafar abin, na danne shi da hantsaki. Dalma ta narke ta kwanta fes. Na goge wurin, na rufe, na sa batir, na maƙala mata.

"Kina ji na?"

"Daina ihu."

Na gyara zama zan fara gaya mata yadda aikin nan zai gagari masu takardar shaida goma, sai ta ɗaga hannu.

"Tun ranar da tukunya ta ƙone a gefenka kana cewa ƙamshi har bakin titi na sani."

"Kin gaya wa yara?"

Ta yagi bakin wani tsumma, ta ɗaura a wuyan kwalbar bokitin, ta mayar da ita hagu.

"To," ta ce, "ci gaba. Masu takardar shaida nawa?"