Inna Tela da Mai Burodi

Silifas ɗin ya wuce ta saman talabijin, ya daki bango, ya faɗa cikin kwandon ƙyallaye. Da Inna Tela na da ƙarfinta na da, wallahi da gilashin ya tafi.

"Miƙo min shi," ta ce. "Ban samu ba."

Na ce ba zan miƙo ba, talabijin bai yi mata laifin komai ba. Ta ce ai ba da shi take ba, da 'yan banzan da ke bayansa take. Ta koma ta jingina da filo tana haki, ni kuma na rage murya don kada maƙwabta su ɗauka dambe muke.

Inna Tela maƙwabciyata ce a gidan hayar da muke zaune, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Ni kitso nake yi a baranda, ita kuma ɗinki, har zuwa lokacin da ƙafafunta suka kumbura suka ƙi taka keke. Kowace yamma in na sallami mai kitso ta ƙarshe, sai in wanke man da ke hannuna in shiga wurinta mu kalli wasan Mai Burodi. Wasan yana da sunansa, amma a gidanmu ba mai kiran sa da shi. Tun ban yi aure ba Inna take kallon sa, kuma ta san matar da ke cikinsa fiye da yadda ta san wasu danginta.

Mai Burodi a cikin wasan mace ce da mijinta ya mutu ya bar mata tanda da 'ya'ya. A shekarun farko, in ji Inna, in ta ɗaga burodi ɗaya a tafin hannu ta san ma'aikacin da ya rage fulawa. Ta taɓa korar ɗan cikinta daga aiki saboda ƙarya, ta bar shi ya kwana a tasha, sannan ta aika masa da bargo ba tare da ta bari ya san daga ina ba. Ba ta roƙo, ba ta kuka a gaban mutum. To a wannan yammar, wani yaro mai kwat da zaƙin baki ya zauna gabanta ya yi mata daɗin baki, ta ɗauki biro ta sa hannu ta ba shi gidan burodin gaba ɗaya, tana murmushi tana sa masa albarka. Abin da ya jawo jifa ke nan.

Da numfashinta ya dawo sai ta buɗe min shafin da na riga na haddace. An sauya masu rubuta wasan, an kawo yaran da ba a haife su ba lokacin da matar nan ta kunna tandarta. Ba su san yadda za su yi da tsohuwa ba. Tsohuwa a wurinsu iri biyu ce, ko muguwa mai ƙulle-ƙulle, ko sakarai mai sa albarka a kan kujera. Na ce mata, Inna, wasa ne fa.

"Na san wasa ne, ba taɓuwa na yi ba," ta ce. "Amma shekara da shekaru ina ba matar nan yammacina. Ko maƙwabci ne ya ci wannan lokacin nawa, ina da bakin da zan ce wannan ba halinsa ba ne."

Na sha tsokanar ta cewa ta daina kallo mana ta huta, tunda kullum da ɓacin rai take tashi. Sai ta harare ni ta ce in kowa ya watse ya bar matar a hannun yaran nan, wa zai tuna yadda take? Don haka kullum muna nan, tana kallo tana tsaki, tana gyara musu magana tun kafin su rufe baki. Ni dai ina jin daɗin faɗan nata fiye da wasan.

Ba a daɗe ba numfashin ya tsananta. Wata safiya na shiga na same ta zaune a bakin gado, ta dafa keken ɗinki, ta kasa ko amsa gaisuwata. Autanta, direban babbar mota ne, ya yi tafiya mai nisa, don haka ni da wani maƙwabcinmu muka kai ta asibiti. Washegari babbar 'yarta ta iso daga garin da take aiki.

Yaya nake kiran ta, don ta girme ni. Mace ce mai sanyin murya da tsabta, irin waɗanda ke goge kujera kafin su zauna. Ba ta cika zuwa gida ba. Abin da na sani, tun tana budurwa ta bar gaban Inna ta koma wurin gwaggonta, kuma ba wanda ya taɓa gaya min dalili, sai dai wanda ya zauna da Inna ba ya bukatar a gaya masa. A asibiti kuwa Yaya ta yi abin da ya kamata, ba zan ci haƙƙinta ba. Ita ke juya ta, ita ke goge mata jiki, a kan kujerar roba take kwana. Abu ɗaya ne ya dame ni. In likita ya tambayi Inna ina ke mata ciwo, Yaya ce ke amsawa. In 'yan dubiya suka zo, sai ta ce musu Mama ba ta da damuwa ko kaɗan, duk abin da aka ba ta karɓa take, haƙuri gare ta kamar me. Inna na kwance da robar iska a hanci, ido kawai take juyawa. Na kusa fashewa da dariya ran farko, don da safen nan Inna ta gaya wa nas cewa wanda ya ɗinka mata rigar aiki ya cuce ta a hammata.

Ɗakin marasa lafiyar ba talabijin. Sai Inna ta ɗora min aiki: in kalli wasan a ɗakinta, in zo da rana in ba ta labari, kuma kada in tsallake komai. Na riƙa yi. Amma labarin kullum ƙara lalacewa yake. Sun ɗora Mai Burodi a keken guragu, sun lulluɓe mata ƙafa da mayafi, 'ya'yanta na rigima a kanta, ita kuwa ba a ba ta ko kalma ɗaya ba. In kyamara ta zo kanta sai ta yi murmushi.

Ranar da na ga Inna ta kasa haɗiye ko ruwa, hannunta ya yi sanyi, sai tausayi ya kama ni. Yaya ta fita karɓo magani. Na ja kujera na ce yau kam akwai labari mai daɗi. Na ce Mai Burodi ta miƙe daga keken, ta shiga gidan burodin, asirin yaron nan mai kwat ya tonu. Na ce ya durƙusa yana neman gafara, 'ya'yan ma suka durƙusa, ita kuma ta fashe da kuka ta rungume su duka ta ce ta yafe. Na ƙawata shi sosai, har da kiɗan da aka sa. Inna ta saurara ido a rufe har na kai ƙarshe.

"Kuka ta yi?"

Na ce ƙwarai, har ni ma na yi hawaye.

"Ƙarya kike, 'yar nan." Muryar ta yi ƙasa, sai da na sunkuya. "Ko yaran can ba su sa ta kuka ba, ke ce kika sa ta. Da ta tashi, da sai ya share tandar nan shekara guda kafin ta amsa gaisuwarsa. Me ya faru?"

Kunya ta rufe ni. Na gaya mata gaskiya, keken, mayafin, murmushin. Can sai ta lalubo hannuna ta riƙe, riƙon da ban zaci tana da sauran ƙarfinsa ba.

"Kin ji abin da waccan ke gaya wa mutane a kaina. Tun ina numfashi an fara. In na tafi za su taru su mai da ni mai haƙuri. Ni ban yi haƙuri ba, faɗa na yi, da shi na ciyar da su. Kada ki zauna ki yi shiru."

Na ce Inna ki daina irin wannan maganar, za ki tashi. Ta ce wannan ma ƙarya ce, ta biyu ke nan a zama ɗaya, in amsa mata kawai. Na amsa.

Da hantsi ta rasu, kwana kaɗan bayan nan. Ina tsakiyar kitso wayar Yaya ta shigo. Matar da ke gabana ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitson ta tafi. Na daɗe zaune da matsefi a hannu, na kasa tashi.

Bayan an kai ta makwancinta, tsakar gidanmu ta cika. An aro kujeru, an kwashe igiyoyin shanya. Mutane na shigowa suna gaisuwa, kowa da abin da zai ce, kuma duk abu ɗaya ne. Baiwar Allah, ba ruwanta da kowa. Matar mai gidan haya, wadda Inna ta yi shekaru ba ta ko kallon inda take saboda rigimar famfo, ta share ido ta ce ita ba ta taɓa jin marigayiya ta ɗaga murya ba. Yaya na zaune a tsakiya tana gyaɗa kai, fuskarta ta ɗan saki a karon farko tun zuwanta. Na gane tana son wannan uwar da ake ba ta, wataƙila ita ta nema tun tana ƙarama ba ta samu ba. In na yi magana na ƙwace mata, a ranar da ba a ƙwace wa mutum komai. In na yi shiru kuma, na san wadda na ci wa amana.

Wata tsohuwa ta juyo ta ce ai ga wadda ta fi kowa zama da ita, ta faɗi irin haƙurinta. Duk ido ya dawo kaina.

"Inna ba ta da haƙuri," na ce. "Ban taɓa ganin mai faɗa irinta ba."

Tunda na fara sai na ƙarasa. Na ba su labarin ranar da tsohon mijina ya watso min kaya tsakar gida ana ruwa. Maza na tsaye a ƙofofinsu suna kallo, ba wanda ya motsa. Inna ta fito da almakashi a hannu ɗaya, wandonsa da ya kawo gyara a ɗayan, ta raba shi biyu a gabansa ta miƙa masa ƙafa ɗai-ɗai, ta ce ya tattara kayan nan ya mayar ko ta koma kan rigar da ke jikinsa. Ya mayar. Sannan ta ja ni ɗakinta, ta ba ni busasshen zane, ta kwashe mako tana yi min faɗa don na tsaya ina kuka maimakon in ɗauki muciya.

Autan ne ya fara dariya, dariyar da ta juye ta zama kuka ya rufe fuska da hula. Sai wani dattijo ya ce shi ma ta taɓa korar sa da yadinsa don ya ce ta yi sauri. Matar mai gida ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, ranar rigimar famfo har bokiti ta ƙwace mata, amma da ɗanta ya ƙone da ruwan zafi Inna ce ta goya shi zuwa titi neman motar asibiti. Tsakar gidan ta ɗauki hayaniya, kowa na tuno nasa. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta shiga ɗakin Inna ta turo ƙofa, kuma ba ta sake fitowa ba har mutane suka watse. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwana ina jin haushin kaina da na Inna gaba ɗaya.

Da safe ina share baranda sai ga ta ta fito, ido a kumbure. Na gaishe ta ina jiran abin da zai biyo baya. Ta jawo 'yar kujerar masu kitso ta zauna ta ba ni baya, ta zame ɗankwalinta.

"Ita ke min kitso ina yarinya," ta ce. "In na motsa ta ƙwanƙwashe ni da matsefi. Kwana uku nake yi ban iya ɗaga gira ba." Ta gyara zama. "Ki ja sosai. Kada ki tausaya min."

Na zauna, na sa ta tsakanin gwiwoyina, na tsaga gashin. Akwai furfura a ciki fiye da yadda na zata. Na kama silin farko daga goshi na ja, kanta ya biyo hannuna baya. Kafaɗunta ne kawai suke rawa a jikin ƙafafuna, ni kuma na ci gaba da kitsawa.