Allurar 'Yar Zakka

Zuwairatu na durƙushe da farar rigar aikinta, tana zuba ƙasa a kan amai tana kwashewa, sa'ad da kyanwar ta sake miƙa wuya ta kelaya wani a gefen buzun Baba. Na uku ke nan tun asuba. Wannan karon babu abinci a ciki, sai ruwa mai kumfa.

Mahaifinta Malam Manu ya ajiye carbi, ya ɗora kyanwar a cinya, ya share mata baki da hannun rigarsa.

"Sannu, 'Yar Zakka. Sannu, kin ji?"

Zuwairatu ta dubi hannun rigar. Ita ta wanke ta jiya, ita ta buge ta.

Shekara tara ke nan da Malam Manu ya zo da kyanwar daga garin Zakka a cikin jakarsa, a rangadinsa na ƙarshe na allurar shanu kafin ya ajiye aiki. A shekarar ce aka kai Zuwairatu makarantar kwana a Katsina. Ranar da ta dawo da takardar shaidarta ta malamar asibiti, ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce madalla, ya miƙo mata, sannan ya ɗaga murya yana tambaya ko an ba 'Yar Zakka nono.

Zuwairatu ce kuma ta gano ciwon kyanwar. Ta lura kyanwar na shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana ramewa, ta ga tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari. Ta ɗebi fitsarin a kwalba ta gwada a wurin aiki, ta rubuta wa likitan dabbobi na Katsina cewa ciwon sukari ne, shi kuma ya aiko da sunan magani da gwargwadon da za a riƙa yi. Kwalbar maganin allurar na binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Amma in baƙi sun zo zaure, abin da Malam Manu ke faɗi shi ne likitan Katsina ya gano ciwon, Allah ya saka masa. Allurar kuwa ba ya bari kowa ya yi sai shi. Ya shekara talatin yana soka wa bijimai, ba yarinyar da za ta koya masa riƙon sirinji.

"Baba, yau kada a yi mata allura," in ji Zuwairatu.

Bai ɗago ba. Ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa tsofaffi a asibiti. Maganin sukarin abinci yake ci, in kuwa ba abinci a ciki, sai ya cinye ɗan abin da ya rage a jini. A bar cikin ya huta. A riƙa ba ta ruwa cokali ɗaya-ɗaya, kada a ajiye mata kwano ta kwankwaɗa. In azahar ta yi ba ta ƙara amai ba, a ba ta ɗan dafaffen naman kaza marar mai. Ban da fura, ban da nono. In ta ci ya zauna, sai a yi maganar allura da yamma.

Malam Manu ya ce a zamaninsu in ka tsallake saniya ɗaya a garke, ita za ta dawo maka da ciwon bushiya. Bai taɓa tsallake dabba ba, ba kuma zai fara a kan tasa ba.

Zuwairatu ta je gindin randa ta tono kwalbar, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ta jefa a jakarta a gaban idonsa.

Gwaggo Mairo, ƙanwar Malam Manu da ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar Zuwairatu, tana bakin murhu tana kallon komai.

"Oh ni Mairo," ta ce. "Boko har boko, ga hula ga agogo, amma kishi ake da mage."

"Aikina nake yi, Gwaggo."

"Aikin ne ya sa kika harare ta? Na gan ki. Ai da mutum ce da ta bar miki gidan."

"Lokacin da na yi masassarar nan ta bara, wa ya share mini baki?"

"Ni. Ko ni ba mutum ba ce?"

Zuwairatu ta fita. A hanya ta yi ta gaya wa kanta cewa abin da ta yi daidai ne, kowane littafi haka zai ce. Sai dai ta san ta ji wani daɗi lokacin da ta ga fuskarsa tana jefa kwalbar a jaka, kuma wannan daɗin ba ya cikin kowane littafi.

Ranar kasuwar Batsari ce. Manyan motoci ɗauke da siminti sun tare hanya, samarin da suka dawo daga aikin titi suna ta zagaya gari a kan sababbin babura. Asibitin sha-ka-tafi ya cika tun kafin a buɗe. Mutanen ƙauyen Karare da na rugage sukan haɗa cin kasuwa da neman magani a tafiya ɗaya. Zuwairatu ta wanke gyambo huɗu, ta ɗinke ƙafar wani da gatari ya sare, ta yi faɗa da wata mata da ta raba maganin ɗanta da na maƙwabciya. Shekara biyu tana wannan aiki. Da farko maza ba sa yarda ta taɓa su, sai su jira babban malamin asibitin, Malam Salmanu. Yanzu layinta ya fi nasa tsawo. Duk garin ya san haka, ban da gida ɗaya.

Rana ta kusa take tsaka ta ɗago kai ta hango mahaifinta a bakin ƙofa, da rawani da sanda. Bai taɓa taka wurin nan ba. Hannunta ya kai ga hularta ta gyara ta kafin ta san ta yi. Sannan ta ga kwandon da ya rungume, an rufe shi da mayafin Gwaggo.

Ya wuce teburinta ya nufi na Malam Salmanu. Suka gaisa, gida da iyali da gajiya da zafin rana, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya buɗe kwandon ya roƙe shi ya duba. Malam Salmanu ya leƙa, ya ja da baya, ya ce shi kam bai san kan mage ba, wadda ta sani ga ta can.

Masu jira a benci suka fara miƙo wuya. Wani ya yi dariya aka zungure shi.

Kyanwar na kwance lakwas, jikinta ya yi sanyi, ƙafafunta na karkarwa, idanunta a buɗe ba sa kallon komai. Zuwairatu ta taɓa ta, ta dubi mahaifinta.

"Me aka ba ta?"

Ya kau da kai. Can ya ce ai ya riga ya zuƙi maganin a sirinji tun kafin Zuwairatu ta tashi. Haka suke yi a rangadi, ana cika allurai kafin a koro shanu, ba a jira sai dabba ta tsaya a gabanka. Da ta fita sai ya yi wa kyanwar. Ta sake amai sau ɗaya, daga nan ta fara tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

Na ɗan lokaci Zuwairatu ta tsaya hannunta a kan kwandon. Ba wanda zai ce laifinta ne. Ta faɗa, an ƙi ji, Gwaggo shaida ce. Tunanin ya zo, ta gan shi sarai, ta ji kunya.

Ta janyo gwangwanin sukarin shayin Malam Salmanu, ta jefa ƙwaya uku a ƙaramin kofi, ta ɗiga ruwa ta dama da yatsa har ya yi kauri. Ta buɗe bakin kyanwar za ta shafa a dasashi, sai ta ji an riƙe mata hannu.

"Sukari?" in ji Malam Manu. "Ke da bakinki kika ce shi ke kashe ta. Wata shida kin hana ni ba ta ko lomar fura."

"Baba, sake ni."

"Kin daɗe ba kya son ta. Kina tsammani ban sani ba?"

Zuwairatu ta ji duk idanun benci a bayanta.

"Gaskiya ne, ba na son ta," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Amma nan ba zaure ba ne. A nan ni ke faɗi a yi. Sake mini hannu, Baba, ko ka mayar da gawa gida."

Ya dube ta. Sannan yatsunsa suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Ta shafa, ta jira, ta sake shafawa. Ba ta ɗura ba, don kada ta shaƙe. Ta sa aka naɗe kyanwar da mayafin, ta ce ya rungume ta a ƙirji don ɗumi, ya yi yadda ta ce. Ta dubi agogonta. Minti biyar. Minti goma. Wata tsohuwa a benci ta fara salati a hankali. A shafawa ta huɗu kyanwar ta motsa kai, ta runtse ido ta buɗe, ta gartsa wa Zuwairatu cizo a yatsa.

Malam Manu ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ta dawo. Kun ga halinta ya dawo."

Zuwairatu ta wanke yatsan ta ɗaure. Ta ce masa wannan tashin na ɗan lokaci ne, maganin bai gama aiki a jikinta ba, kuma har yanzu ba a san abin da ke kawo aman ba. Dole likitan Katsina ya gan ta yau, a ƙara mata ruwa. Ya ce zai tafi da ita. Ta ce a'a, in ta sake suma a hanya bai san yadda zai yi ba, kuma likita zai yi tambayoyin da ita kaɗai ke da amsarsu. Bai yi gardama ba. Malam Salmanu ya ce ta je, zai ji da layin.

Malam Manu ya raka su tasha, yana tafe yana kare kwandon daga rana da jikinsa. Ya sa aka ba su gidan gaba. Da ta zauna ya ɗora mata kwandon a cinya, ya gyara mayafin, ya tabbatar kofin sukarin na hannunta. Sannan ya zagaya wajen direba ya dafa ƙofa.

"Ɗana, ka bi hanyar nan a hankali. Akwai marar lafiya."

Shekara bakwai ta yi tana hawa mota a tashar nan zuwa makaranta, da akwatinta a ka, bai taɓa yi wa wani direba magana ba.

Motar ta tashi. Ta hango shi a madubi yana tsaye, bai ɗaga hannu ba. Da suka fita gari suka fara faɗawa ramuka, kyanwar ta yi ƙaramin kuka. Zuwairatu ta yi tsaki. Sannan ta ɗaga kwandon daga cinyarta, ta riƙe shi a sama da hannu biyu don kada girgiza ta tayar mata da amai, ta kuma kafa ƙafa, don da sauran tafiya kafin Katsina.