Takalmin Oga Datong

Ni dai ban taɓa son bita ba. A tara ku a ɗakin otal mai sanyin tsiya, wani ya yi ta nuna muku allo har barci ya kwashe rabin ɗakin. Amma da aka ce ma'aikatan kwastam na Jos su je a koya musu ƙa'idojin asalin kaya, sai ga sunana, Fibi, a sama. Ba yadda na iya.

Mai koyar da mu, Madam Roseline, daga Abuja ta zo, kuma ba ta da wasa. Abu ɗaya ta dinga nanatawa: kaya ma suna da ƙasarsu. Ba inda aka loda su ba, ba kuma sunan da aka manna musu ba, a'a, inda aka yi ainihin aikinsu. In an tabbatar a Najeriya aka yi su, a ba su takardar shaidar asali, su shiga Gana ba haraji. In kuwa shigo da su aka yi, aka ɗan shafa gam aka zuba a kwali, to baƙi ne, sai sun biya.

Kusa da ni Oga Datong ke zama, babba a cikinmu, ya kusa ritaya. Mutumin kirki ne, amma Allah ya jarabce shi da son takalmi. Sau-ciki mai ruwan ƙasa, kullum yana sheƙi. Da ya zauna sai ya ɗora ƙafa kan ƙafa don ka ga sunan Italiya a tafin.

"Fibi, Bature ya iya aiki," haka yake ce mini. "Ina da mutumina a kasuwar Taminus, shi ke kawo mini. Taɓa ki ji."

Ban taɓa taɓawa ba. Ina ruwana da ƙafar oga?

Ranar ƙarshe Madam ta ce surutu ya isa, za mu je mu duba wurin wani da ya nemi takardar, mu yanke da kanmu. A mota ta ba mu labarinsa. Hyginus sunansa, yana ɗinka takalma a bayan Abatuwa, mahautar garin. Gwanjo da robar Chana sun cinye masa kasuwa, masu ɗinkinsa sun fara guduwa tuƙin keke napep. Sai ga wani ɗan kasuwa daga Akara, babban birnin Gana, yana son kaya masu yawa, amma da sharaɗi: in ba takardar nan, haraji zai sa takalmin ya yi tsada, shi kuma ya fasa. In cinikin ya faɗi, rufe wurin Hyginus zai yi.

Warin fata ne ya fara tarbar mu. Kekunan ɗinki na ta ƙara, kirgi a jingine har rufi. Wani dattijo mai furfura ya fito yana goge hannu a riga, yana washe baki, har idonsa ya faɗa kan Oga Datong. Nan dariyar ta tsaya.

"A'a! Hyginus?" in ji Oga. "Kai ne a nan? Ashe har ɗinki kake yi?"

"Ƙarami ƙarami ne, Oga."

Mutuminsa na Taminus ke nan. Na dubi takalman da ke jere kan benci, na dubi ƙafar Oga, sai na mai da idona kan rufi.

Madam Roseline ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ɗauki takalmi ɗaya ta juya, ga sunan Italiya ɓaro-ɓaro.

"Baba, wannan fa?"

"Ai daga can yake zuwa, Madam," in ji Hyginus, idonsa na kan Oga. "Mu haɗawa kawai muke yi. Mu sa gam, mu goge."

Kai, jama'a! Na ji kamar in toshe masa baki. Mutum da bakinsa yana rusa abincinsa.

Madam ta juyo gare mu. "To, ɗalibai. Saman takalmin daga waje, tafi daga waje, gam kawai aka sa a nan. Ɗan wace ƙasa ne?"

"Baƙo ne," muka amsa. Har da Oga, da murya babba.

"Ka ji, Baba. In haka ne, ba takarda. Amma ga kirgi ina gani jibge, ga kuma masu yanka. Zan sake tambayarka, kuma amsar da ka ba ni ita za mu bi mu bincika. A ina ake yin takalmin nan?"

Kekunan suka yi shiru, masu ɗinkin duk suka ɗago kai. Tausayin Hyginus ya kama ni, ban ɓoye ba. Shekara da shekaru abin da mutanen Jos ke biya ke nan, sunan Italiya. Ka ce musu a bayan Abatuwa aka yi, su taya rabin kuɗi suna yatsina.

Hyginus ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan ƙarfe mai mariƙin katako, ya ajiye gaban Madam.

"Italiya ɗin ke nan," ya ce. "A wuta nake ɗora shi, in buga. Fata daga mahautan nan nake saya, a Naraguta ake jeme mini. Tafi ma kirgi ne, mu muke yanka. Zare da gam kawai na waje."

Sannan ya juya. "Oga, har wanda ke ƙafarka. Ni na yi. Duka waɗanda na sayar maka, ni na yi."

Oga Datong ya fita ya shiga mota ya zauna, ƙafafu biyu a ƙasa.

Mu muka ƙarasa aikin. Muka je wurin mahautan, muka je majema a Naraguta, komai ya yi daidai da abin da ya faɗa. Madam ta ce takalmi ɗan Najeriya ne, amma ba kwali ɗaya da zai fita da sunan ƙarya a jikinsa. Ta sa ƙarfen a jakarta, wai za ta riƙa nuna wa 'yan bita na gaba.

Labari ba ya kwana a Jos. Kafin takardar ta fito, manyan da ke zuwa shagon Taminus sun ɗauke ƙafa. Akara kaɗai ta rage masa.

Ranar lodi aka tura ni duba kayan, sai Oga ya ce zai raka ni. Ya shigo mota da baƙar leda a hannu. Ban tambaya ba. Da muka isa, Hyginus ya ga ledar, ya gane abin da ke ciki, fuskarsa ta faɗi.

"Oga, ka yi haƙuri."

"Riƙe haƙurinka." Oga ya zazzage ledar kan benci. Tsofaffin takalma ne, duk dunduniyarsu ta cinye. "Duk lokacin da na kawo maka gyara sai ka ce mini ba mai iya taɓa aikin Bature a garin nan, sai dai in sayi sabo. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce, Oga."

"To yanzu na san gidan mai su. Gyara mini."

Hyginus ya zauna ya fara da wanda ya fi lalacewa. Ya ɓare tsohon tafin, ya yanka sabo, ya ɗinke, ya goge. Can gefe sabon ƙarfensa na kan wuta, mai sunan Jos da Najeriya. Ya ɗauko shi, ya tsaya yana duban Oga.

Oga ya kau da kai yana kallon masu lodi.

"Buga mana," ya ce. "Ai ni zan taka."